Amanar Ɗan Riƙo Idan Ya Ƙetare Iyaka: Tarihin Abin da Ya Gudana a Amurka



Ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai almajiri ne a gaban allonka, ko falke ne a bakin rumfarka, wannan takarda tana ba da labarin abin da ya gudana a ƙasar Amurka game da kai yara riƙo daga wata jiha zuwa wata, tun daga shekara ta 1854 ta Miladiyya har zuwa wannan zamani. Abin da muke nufin ka riƙe daga cikinta guda ne: yaron da aka kai riƙo nesa, matuƙar ba a ambaci wanda alhakinsa ke wuyansa ba, to ya faɗi tsakanin hannu biyu, mai bayarwa ya saki, mai karɓa bai kama ba. Mutanen Amurka sun shekara 106 kafin su rubuta wannan magana a dokarsu, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri.

Kafin mu shiga labari, wajibi ne ka san yadda ƙasar take. Amurka jihohi 50 ne a yau, kowace jiha da gwamnanta da majalisarta da alƙalanta, kuma sha'anin iyali da marayu yana hannun jiha. Ikon ma'aikacin wata jiha yana tsayawa a iyakarta, ba shi da hurumin shiga gidan mutum a wata jiha ya ce zai duba yaro. Wannan shi ne tushen mas'alar duka.

Fasali na farko: yadda abin ya faro

A tsakiyar ƙarni na 19 birnin Niyu Yok ya cika ya batse da baƙi masu ƙetaro teku, mafi yawansu Jamusawa da mutanen Ayaland waɗanda yunwar 1845 zuwa 1852 ta koro daga ƙasarsu. Talauci da cunkoso da cututtuka suka yi ta ɗauke iyaye, har dubban yara suka zama ba su da makwanci sai titi. Waɗansu suna tallar jarida da ashana, waɗansu suna goge takalma, waɗansu suna bara, waɗansu yunwa ta kai su ga sata, a kama su a kulle tare da manyan ɓarayi.

Sai wani malamin Kirista na ɗariƙar Furotesta, sunansa Charles Loring Brace, ya kafa Ƙungiyar Taimakon Yara a shekara ta 1853. Ra'ayinsa shi ne tara yara a gidan marayu ba ya gyara su, gidan iyali da aikin gona su ne magani, ga shi kuwa manoman yamma suna neman hannun aiki ido rufe. A watan Satumba na 1854, wato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tayar da ayarinsa na farko, yara sama da 40, aka bi da su ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa har wani ƙaramin gari mai suna Dowagiac a jihar Mishigan, aka raba su ga manoma. Daga wannan shekara zuwa 1929, shekara 75 ke nan, ƙungiyarsa da waɗansu irinta suka kwashi yara kimanin 200,000, waɗansu masu ƙididdiga ma sun kai su 250,000. Daga baya aka riƙa kiran wannan aiki da sunan jiragen marayu. Amma ka lura, da yawa daga cikinsu ba marayu ba ne, uwa tana nan ko uba yana nan, rashin abin hannu ne kawai ya raba su.

Fasali na biyu: yadda ake rabon yaran

Kafin jirgi ya iso, akan manna sanarwa a gari, a buga a jarida cewa rana kaza za a kawo yara masu neman gida. Akan naɗa waɗansu manyan gari, kamar limamin coci da likita da mai banki da babban ɗan kasuwa, su ne za su ce wane ya cancanta, wane bai cancanta ba. Ran da jirgi ya sauka, sai a yi wa yara wanka, a sa musu sababbin tufafi, a jera su a kan dandamali cikin coci ko zauren taro. Manomi ya matso ya taɓa damtsen yaro, wani ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, kamar mai tayin ɗan maraƙi a kara. Wanda aka zaɓa ya bi mai gidansa, wanda aka bari a mayar da shi jirgi sai zango na gaba. Ta haka aka raba wa da ƙane, ya da ƙanwa, waɗansu ba su sake saduwa ba har mutuwa.

Adalci shi ne a faɗi alherin da aka samu. Yara da yawa sun faɗa hannun mutanen kirki, an riƙe su riƙon 'ya'ya, sun yi karatu, sun yi aure, sun mallaki gonaki. Biyu daga cikin waɗanda aka kai jihar Indiyana a 1859 sun zama gwamnoni: Andrew Burke ya yi gwamnan Dakota ta Arewa daga 1891, John Brady ya yi gwamnan Alaska daga 1897 zuwa 1906. Amma waɗansu sun zama barori ba lada, ana kwantar da su a garke, ana hana su makaranta, ana dukansu, waɗansu 'yan mata aka keta musu mutunci. Wanda ya gaji ya gudu, a neme shi a rasa, a rufe shafinsa a littafi.

Me ya kawo wannan bambanci? Sa'a ce kawai, domin babu bincike kafin bayarwa, kuma bibiya bayan bayarwa ta yi ƙaranci. An yi alkawari wakilin ƙungiya zai riƙa kai ziyara, yaro kuma zai riƙa rubuto wasiƙa, amma wakilai kaɗan ne, yara dubbai, tafiya ta kwanaki. Manyan garin da aka naɗa kuwa ba sa son ɓata wa maƙwabci, ɗan kasuwa ba zai dubi mai sayen hajarsa ya ce masa ba ka isa riƙon yaro ba. A 1884 wani jami'in jihar Minesota mai suna Hastings Hart ya bi sawun yara 340 da aka kawo jiharsu, ya ba da rahoto cewa ana rabon da gaggawa, kuma kulawar da ke biyo baya ba ta wadatar ba.

Kai falke ka fi kowa gane wannan. Ba ka taɓa ɗora goro ko fata ka tura wani gari ba tare da ka san fatoman da zai sauke ba, da wanda ya tsaya masa, da ranar da za ku yi lissafi. To, abin da ba ka yarda a yi wa haja ba, shi aka yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru.

Fasali na uku: rigimar addini da ƙabila

Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan Katolika ne, mafi yawan manoman kuwa Furotesta ne, sai shugabannin Katolika suka ce ana raba 'ya'yansu da addinin iyayensu. Saboda haka gidan tsintattun jarirai da matan zuhudu na Katolika suka buɗe a Niyu Yok a 1869 ya fito da tasa hanya. Limamin cocin gari shi ke zaɓen iyalai tun kafin tafiya, a ba kowane yaro lamba, a ba iyalin lamba irinta. Wannan ya fi jeri a dandamali, amma bai toshe ɓarakar ba, ga kuwa dalili.

A watan Oktoba na 1904 matan zuhudun suka kai yara 40, mafi yawansu jinin Ayaland, zuwa garuruwan Kilifton da Morensi a yankin Arizona, inda ake haƙar tagulla. Limamin wurin, wani Bafaranshe sabon zuwa, ya zaɓi iyalai 'yan asalin Meksiko, domin su ne Katolikan garin. Da fararen garin suka ga an miƙa farin yaro ga mai duhun fata, sai suka harzuƙa. Mazajensu suka ɗauki bindigogi suka bi gida gida da dare suka ƙwace yaran, suka raba a tsakaninsu. Matan zuhudun suka tsira da kusan rabin yaran suka koma Niyu Yok, sa'an nan suka kai ƙara. A 1905 babbar kotun Arizona ta bar yaran a hannun waɗanda suka ƙwace, a 1906 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Dubi wannan da kyau. Waɗanda suka reni yaran tun suna jarirai, da takardunsu a hannu, sun wayi gari ba su da ta cewa, domin ikonsu ya tsaya a iyakar Niyu Yok.

Fasali na huɗu: yadda jihohi suka fara tsare ƙofofinsu

Da ƙorafi ya yi yawa, sai jihohin da ake kai wa yara suka fara kafa dokoki. Mishigan ce ta fara a 1887, sa'an nan a 1895 ta ce duk ƙungiyar da za ta kawo yaro daga waje sai ta ajiye kuɗin lamuni a kansa. A 1899 Indiyana da Ilinoi da Minesota suka yi tasu, suka hana a shigo musu da yaro mai cuta ko mai taɓin hankali ko gagararre, Mizuri ta bi su a 1901. Idan ka auna waɗannan dokoki za ka tarar aljihun jiha suka fi tsarewa, don kada yaro ya zame mata kaya. Amma wa zai shiga ɗakin da yaron ke kwana ya ga ko yana da bargo, wannan ba su warware shi ba.

A 1909 shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira taro a fadarsa a kan yara marasa galihu, aka tsaya a kan cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. Daga 1911 jihohi suka fara ba matan da mazansu suka mutu ɗan abin da za su riƙe 'ya'yansu a gida. Wannan, tare da dokokin da muka ambata da raguwar bukatar hannu a gonaki, shi ya sa jiragen marayu suka tsaya a 1929.

Fasali na biyar: an gudu ba a tsira ba

Jirgi ya tsaya, amma ramin da ke tsakanin jiha da jiha yana nan, kuma duk inda aka bar rami, maciji zai shiga. A birnin Memfis na jihar Tenesi wata mata mai suna Georgia Tann ta riƙe gidan yara daga 1924 zuwa 1950. Takan karɓe jarirai daga matalauta da yaudara, wata a ce mata ɗanta ya mutu, wata a sa ta sa hannu a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba. Sa'an nan ta sauya sunan yaro da asalinsa a takarda, ta tura shi ga masu kuɗi a Niyu Yok da Kalifoniya. A cikin Tenesi kuɗin da ake biya bai wuce dala 7 ba, amma a wajen jiha ɗaruruwan daloli take karɓa, babu mai tambayarta. An ƙiyasta yaran da suka bi ta hannunta sun kai 5,000, jarirai da yawa kuma sun mutu a gidan. Gwamnan jihar ya sa a yi bincike a 1950, ita kuwa ta mutu a watan Satumba na shekarar kafin a gurfanar da ita. A 1955 wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna ya saurari shaidu a kan cinikin jarirai tsakanin jihohi.

Haka kuma mutanen asali na ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, sun sha nasu. Tsakanin 1958 da 1967 wani shiri na gwamnati ya ɗauki 'ya'yansu 395 daga jihohin yamma ya kai su gidajen farare, mafi yawa a gabas da tsakiyar ƙasar, suka tashi ba su san harshensu ko danginsu ba. Sai a 1978 aka yi dokar da ta ce idan za a ba da ɗansu riƙo, a fara neman dangi, sa'an nan 'yan ƙabilarsa, sa'an nan sauran mutanen asali. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan doka a 2023.

Fasali na shida: alkawarin 1960

Da jami'an kula da yara suka tabbata cewa dokar jiha guda ba ta bin yaro bayan iyaka, sai suka rubuta yarjejeniya wadda kowace jiha za ta mayar dokarta, kalma da kalma. Ita ce Yarjejeniyar Jihohi a Kan Kai Yara Riƙo. Niyu Yok, wadda ta fi kowa tura yara, ita ta fara amincewa a 1960, zuwa 1990 duk jihohi 50 da birnin tarayya sun shiga. Ga ginshiƙanta.

Na farko, sanarwa. Jiha mai aikawa za ta rubuta wa jiha mai karɓa sunan yaro, da ranar haihuwarsa da wurinta, da sunan iyayensa ko waliyyinsa, da sunan wanda za a ba shi da mazauninsa, da cikakken dalilin bayarwa. Na biyu, gani ya kori ji. Ma'aikacin jiha mai karɓa zai je gidan ya duba, ya binciki halin mutanen gidan, kuma yaro ba zai motsa ba sai an ba da amsa a rubuce cewa ba a ga abin da zai cutar da shi ba. Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin, alhaki ba ya barin wuyan mai aikawa. Hukuncin yaro yana hannunsa, ciyarwarsa tana kansa, kuma yana da ikon dawo da shi idan riƙo ya ɓaci. Ba ya sauka daga wannan sai yaro ya kai shekarun girma, ko ya iya riƙe kansa, ko kotu ta tabbatar da shi ga iyalin dindindin, ko jiha mai karɓa ta yarda a sallame shi. Na huɗu, bibiya. Jiha mai karɓa za ta riƙa ziyartar yaro tana aika rahoto, kuma kowace jiha tana da jami'i sananne wanda wannan ne aikinsa. An toge abu guda: idan uwa ko uba ko kaka ko kawu ko gwaggo su ne da kansu suka miƙa yaro ga ɗan'uwa makusanci irinsu, yarjejeniyar ba ta shiga tsakani.

Amma kada ka zaci an huta. Takarda tana tashi daga ƙaramin ofis zuwa babban ofishin jiha, ta ƙetara zuwa babban ofishin waccan jiha, ta sauka ƙaramin ofis, sa'an nan ta juyo ta bi hanyar da ta zo. Sai ya zama kaka tana wata jiha tana kukan a ba ta jikanta, shi kuwa yana zaune a hannun baƙi wata da watanni yana jiran sa hannu. Garin neman gira ana neman rasa ido. Don haka a 2006 majalisar tarayya ta yi doka cewa a gama duba gida cikin kwana 60, a 2018 kuma ta wajabta wa jihohi su koma aika takardun ta kwamfuta, ta ba su wa'adi zuwa 2027. Sakaci yana cutar da yaro, jinkiri ma yana cutar da shi, domin wata shida a wurin ɗan shekara 2 rubu'in rayuwarsa ne.

Cikawa: izinar da ke cikin labarin

Ya kai ɗan'uwa, kada ka ce wannan labarin mutanen nesa ne. Mu ma muna ba da riƙo, muna tura 'ya'ya neman karatu daga jiha zuwa jiha. Haƙiƙa almajiri ba tsintacce ba ne, ubansa ne ya ɗanka shi ga malami da kyakkyawar niyya, amma Brace ma da kyakkyawar niyya ya fara. Kun ga abin da ya faru a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnatocin jihohin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali, har aka sami waɗansu da cutar bayan sun isa. A ranar nan aka ga bambancin yaron da aka san ubansa da garinsu, da yaron da babu mai iya faɗin daga inda ya fito.

Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar cewa ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba har ya balaga yana mai iya neman na kansa, kuma nisan tafiya ba ya kayar da wajibi. Shari'a ta kuma hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. To, idan za ka ba da ɗa, taka da ƙafarka ka ga inda zai kwana da abin da zai ci, ko ka aiki amintacce. Ka kafa shaidu, a rubuta sunansa da sunanka da garinku. Ka yanka lokacin ziyara da na aike, kada ka saɓa. Kada ka raba shi da ɗan'uwansa matuƙar akwai hali, kuma idan ka ji riƙo ya ɓaci ka je ka ɗauko abinka, kada kunyar mariƙi ta hana ka. Kai kuma da aka kawo maka, malami ne kai ko attajiri, kada ka karɓi adadin da ya fi ƙarfin idonka, kada ka karɓi yaron da ba ka san ƙofar gidan ubansa ba. Kai falke mai yawan tafiya, idan hanya ta bi da kai garin da ɗan maƙwabcinka yake, ka ratse ka gan shi, ka komo wa uwarsa da labari na gaskiya, domin kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiɓinci lamarin marayu da 'ya'yan riƙo a duk inda suke, Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya kwafa da wanda ya karanta. Amin.